Tokar Murhunki da Tuwon Baɗi

'Yan uwana mata, uwayen gida da amare, da iyayenmu tsofaffi da ke zaune a bakin ƙofar ɗaki da rediyo a gefe, barkanmu da wannan lokaci. Wadda ke tsintar shinkafa ta ci gaba da abinta. Wadda ke gaban murhu kuwa ita na fi so ta saurare ni yau, domin a kan abin da ke ƙarƙashin tukunyarta zan yi magana, wato toka.

Na san wata za ta ce, ke kuwa baiwar Allah, ana fama da kuɗin cefane, ki rasa abin da za ki kawo mana sai toka? Ki ɗan yi haƙuri. Zancen cefanen ne ya kawo ni, sai dai ta ƙofar baya zan shigo.

Mu da muka tashi a cikin ganuwa, ko a Mandawari, ko Yakasai, ko Koki, ko Soron Ɗinki, yawancinmu ba mu taɓa riƙe fartanya ba. Hatsi a kwano muka san shi. Maigida ya auno a Rimi ko Kurmi, in Allah ya hore masa ya ɗauko buhu daga Dawanau, mu namu surfe da wanki da kai niƙa. Shi ya sa idan aka fara zancen noma a rediyo sai mu ga kamar da mutanen karkara ake, mu murɗa zuwa wata tasha. To amma 'yan shekarun nan sun koya mana darasi. Masu yin gurasa a Jakara za su ba ki labarin yadda buhun fulawa ya riƙa tashi bayan watan Fabrairun 2022, lokacin da Rasha ta auka wa Yukren da yaƙi. Ƙasashen nan biyu, in aka haɗa su, sun fi kashi ɗaya cikin huɗu na alkamar da ake fitarwa kasuwar duniya a wancan lokaci, mu kuwa mafi yawan alkamar da muke ci a burodi da taliya da gurasa daga waje ake shigo da ita. Ana harbi a can, tanderu yana yin sanyi a nan. Sai kuma aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya hau kan kowane buhu. A watan Yulin shekarar Gwamnatin Tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan abinci. Ya zuwa watan Yunin 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar abinci ta ƙaru da fiye da kashi 40 cikin 100 a kan ta shekarar da ta gabata. Ba sai na faɗa miki ba, ke kika raba tuwon, ke kika san wa aka rage wa malmala.

Daga baya gwamnati ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, aka kuma samu damina, farashi ya sauko a 2025. Muka ce alhamdu lillahi, kuma abin godiya ne. Sai dai a daidai lokacin da muke murna, manoma kuka suke yi: hatsi ya faɗi, taki bai faɗi ba. Mutum ya sayar da buhun masara bai sayi buhun taki ba. Manomin da ya yi asara bana kuwa, baɗi rage gona zai yi, ko ya shuka babu taki ya samu rabin abin da ya saba. Kin ga araharmu ta bana tana iya zama tsadarmu ta baɗi.

Me ya sa takin zamani ba ya jin magana? Saboda wani ɓangare na abin da ke cikinsa ba namu ba ne. Yuriya dai ana yin ta a ƙasar nan, da iskar gas ake haɗa ta, akwai masana'anta a Fatakwal, akwai ta Ɗangote a Legas da aka buɗe a 2022, amma farashinta yana bin na kasuwar duniya. Wanda manoma ke kira kamfa kuwa sai an haɗa da wani sinadari da ake haƙowa a Maroko, da wani da ake sayowa daga ƙasashe irin su Rasha da Kanada. Duk da dala ake biya. Dala ta motsa, taki ya motsa, kwanon gero ya bi su.

To yanzu bari in koma gidan kakata, Allah ya jiƙanta. A bayan madafa akwai wani lungu da ba a yarda yaro ya yi wasa a ciki ba. Nan ake tara toka, da sharar tsakar gida, da kashin awaki da na kaji da tattabaru, da dusar da ta zube, da ɓawon gyaɗa. Da rani, idan sanyi ya fara janyewa, sai wani dattijo ya yi sallama a zaure da jakunansa biyu. Itace da kara ya kawo birni ya sayar, ba zai koma da mangala babu komai ba. Yara su yi ta kwasa a kwando suna kai masa ƙofar gida har lungun ya zama fes. Ban taɓa ganin an ba shi kwabo ba, ban kuma ga ya bayar ba. Amma da kaka sai ga shi da damin kara, da 'yar kuɓewa busasshiya, da kwanon wake, ya ce a kai wa Hajiya. Kakata ba ta taɓa taka gonarsa ba. Ba ta ma san hanyar garin ba. Amma duk shekara tana da hannu a cikin abin da gonar ta bayar.

Ba gidanmu kaɗai ba ne, haka birnin yake gaba ɗaya. Jakuna su shigo ta Ƙofar Mazugal da Ƙofar Na'isa da Ƙofar Nasarawa da itace da harawa, su fita da taki zuwa gonakin Ungogo da Kumbotso da Gezawa da Dawakin Kudu. Ki duba ragon layyar da kike kiwo. Harawar wake da ta gyaɗa da yake ci daga gona ta zo. Ya ci ya yi kashi, kashin ya koma gonar, gonar ta sake ba da wake da harawa. Itacen da kika hura daga jeji ya zo, ya zama toka, tokar ta koma ƙasa. Babu abin da ke ɓata a hanya.

Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero a nan Kano, ya yi bincike a kan gonakin da ke kewaye da birnin nan tun daga shekarun 1960. Abin da ya ja hankalinsa shi ne, a wurare da yawa na Afirka a wancan zamani sai an bar gona ta huta shekaru kafin a sake nomata, amma a ƙasar Kano mutane sun yi yawa, babu filin da za a bari, ana noma gona ɗaya shekara da shekaru ba hutu, kuma ba ta mutu ba. Sirrin shi ne taki, da haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona guda, da dabbobi, da barin itatuwa a cikin gona. Har yau masana a ƙasashen waje suna karanta wannan a jami'o'insu suna ba da misali da Kano. Ni kuwa idan na ji haka sai in yi murmushi, don na san wadda ta share tsakar gidan, kuma ba a rubuta sunanta a ko'ina ba.

Abin da zai ba ki mamaki, duniya ma da ta yi nisa ta fara waiwayowa. A watan Yunin 2006 shugabannin Afirka sun taru a Abuja suka ce matsalarmu ƙarancin takin zamani ce, manominmu bai wuce kilo 8 a hekta ba, a kai shi kilo 50. Hekta ɗaya kimanin eka biyu da rabi ce. Da suka sake taruwa a Nairobi ta ƙasar Kenya a watan Mayun 2024, sai sunan taron ya canja, aka ce taro ne a kan taki da lafiyar ƙasa. Wato an gane cewa idan ƙasa ta gaji, ko an zuba mata takin buhu ba ta mayar da abin kirki. Ƙasarmu ta nan jigawa ce, rairayi ya yi mata yawa. Ka zuba yuriya, ruwa mai ƙarfi ya sauka, rabi ya bi ruwa. Takin gida shi ke sa ta yi laushi, ta riƙe danshi kamar soso, ta kuma riƙe shi kansa takin zamanin har shuka ta sha. A shekarar da ruwa ya ɗauke kwana goma sha a tsakiyar damina, kamar yadda muke yawan gani yanzu, gonar da ta sha takin gida ita ce ke jurewa. Ko wuta-wuta, ciyawar nan mai jan fure da ke shanye dawa da gero, a gajiyayyar ƙasa ta fi samun gindin zama.

Ni yadda nake kwatanta shi, takin zamani kamar ƙarin ruwa ne a asibiti, yana tayar da mara lafiya nan take. Takin gida kuwa tuwo ne. Ba wanda zai ce a daina ƙarin ruwa, amma ba a rayuwa da shi kaɗai. Kada kuma wata ta fahimce ni a baibai ta ce na ce a jefar da takin buhu. Ƙasar Siri Lanka ta gwada haka a 2021, gwamnati ta hana shigo da takin zamani dare ɗaya, noman shinkafa ya faɗi, kafin shekara ta ƙare suka janye dokar, wahalar kuwa ta daɗe ba ta sake su ba. Biyun ake haɗawa. Manomin da ya samu takin gida mai kyau, buhu ɗaya na kamfa zai yi masa aikin da ba zai yi wa wanda ya zuba shi a kan rairayi tsura ba.

To me ya faru da wancan tsari na kakanninmu? Bai mutu ba. Har yanzu da rani za ki ji ana cewa tifa ta kwashi bola ta kai gona, manomi ya biya kuɗin mota. Abin da ya canja shi ne abin da ke cikin bolar, kuma 'yar uwa, daga hannunmu ya fito. Leda ce. Baƙar leda, da ledar ruwa, da ledar omo da ta magi da ta taliya, da famfas ɗin yara, da mataccen batir, da fasasshiyar kwalba, da reza, har da sirinjin da aka yi wa wani allura a gida. Duk a kwando ɗaya da toka da kashin awaki, a miƙa wa almajiri ya kai bola. Idan tifa ta juye a gona, sai manomi da 'ya'yansa su yi kwana da kwanaki suna tsinta da hannu, wani ya yanke, wani ya taka allura. Abin da ya kuɓuce musu ya shige cikin ƙasa. Leda kuwa ba ta ruɓa a shekara ɗaya ko goma. Tana nan kwance tana tare saiwa tana hana ruwa shiga. Wadda iska ta ɗauka ta maƙale a ƙaya, akuya ta ci. Ki sa maigida ya tambayi mahauta a abbatuwa irin tulin ledar da suke cirowa daga tumbin shanu da tumaki. Dabba tana ci tana ramewa, mai ita yana ta sayen magani, ashe cikinta cike yake da abin da muka zubar. Shi batir kuma akwai guba a cikinsa, in ya fashe a gona ƙasa ce za ta sha.

Wadda ba ta kai gona ba mun san inda take zuwa: kwata. Kududdufan da a da suke shanye ruwan unguwa an cike da yawansu an yi gini, 'yan magudanan da suka rage kuma leda ta toshe. Ruwan Agusta ya sauka ya rasa hanya, ya kwanta a gindin katangar ƙasa. Kowace damina muna jin inda gini ya faɗa wa mutane a cikin gari. Ruwanda ta haramta leda tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Wannan aikin hukuma ne, mu ba mu da iko a kansa. Kwandon shararmu dai muna da iko da shi.

Abin da nake roƙo ba shi da tsada. Mazubi biyu. Tsohon bokiti ko buhu ɗaya na toka da sharar ƙasa da kashin dabbobi da ɓawon kayan miya da ganyen da aka tsinke. Ɗaya kuma na leda da famfas da kwalba da batir. Reza da allura a saka su a gwangwani a toshe bakin kafin a jefa, saboda yaran da ke tonon bola su ma 'ya'yan wasu ne. Sannan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare, ni ma na yi ta kafin in sani: kunna gawayi da leda. Tana kamawa da wuri, ban musa ba. Amma baƙin hayaƙin nan ke kike shaƙa, da goyon da ke bayanki, a cikin madafar da ko taga babu. Kuma narkakkiyar ledar a cikin tokar take ƙarewa. Guntun kara ko takarda ko busasshen ɓawon rake sun isa, minti biyu ne bambancin.

Na san tambayar da ke bakinki: na raba, to wa zai ɗauka? Yaron da zan aika ai bola ɗaya zai juye su duka. Gaskiya ne, kuma a nan ne sai an sa maigida a ciki. Da wuya a samu gida a cikin birni da ba shi da dangi ko abokin arziki a karkara, ko wanda ke kawo muku harawa, ko mai lambu a bayan gari. A yi masa magana. Takin awaki da na kaji mai tsabta, wanda babu leda, yanzu abin sayarwa ne, a buhu ake aunawa. In gidanku babban gida ne mai sassa da yawa, ko kuna da adashi da maƙwabta, ku haɗa wuri ɗaya ya zama lodi mai kauri wanda zai sa mutum ya taso da kura ko mota. Kuɗin ko a sa a asusun gida, ko a karɓi wake da kaka kamar yadda kakata ta yi. A ajiye shi a bushe, nesa da rijiya da wurin wasan yara, a rufe shi saboda ƙuda, a kuma wanke hannu da sabulu bayan an taɓa.

In kuma babu mai ɗauka, ki ci abinki da kanki. Tsohon buhun shinkafa, a huda gindinsa, a cika da ƙasa kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Na ce ruɓaɓɓe, domin ɗanyen kashi, musamman na kaji, ƙone shuka yake yi. A bar shi ya yi makonni ana ɗan yayyafa masa ruwa ana juyawa har warinsa ya tafi ya yi baƙi. Toka kaɗan ake barbaɗawa, in ta yi yawa ita ma illa ce. A shuka alayyahu ko rama ko yakuwa, ko gindi biyu na attaruhu. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da na surfe sun ishe su, ban da ruwan omo. Alayyahu wata ɗaya da 'yan kwanaki kin fara yanka. Hattara biyu: kada a ɗora buhunan a kan soron ƙasa, nauyi da danshi za su ci azara, kuma a ɗaga su ko a kewaye, in ba haka ba akuyar da ta ba ki takin ita za ta fara girbi. Ba zan yaudare ki in ce buhu biyar a tsakar gida zai ciyar da iyali ba. Tuwo dai daga Dawanau zai zo. Amma ranar da aka wayi gari babu na cefane, ga ganye a ƙofar ɗaki, wadda ta taɓa shiga wannan hali ta san darajarsa.

Akwai gefe ɗaya na tokar nan da ba ya yi mini daɗi, kuma ba zan ɓoye ba. Kowace toka itace ce da aka sare. Da gas ya yi tsada gidaje da yawa sun koma gawayi, manyan motoci suna ta shigowa da shi daga dazuzzukan da ke nesa da mu. Gonar da babu itace iska ce ke kwashe mata ƙasa. Manoma sun san gawo, itacen nan mai abin mamaki da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. Geron da ke ƙarƙashinsa ya fi na fili kyau. 'Yan uwanmu na Maraɗi a Jamhuriyar Nijar sun kai matsayin da gonakinsu suka zama fili fetal, sai daga 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, tare da manoman yankin suka fara barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, su zaɓi mai ƙarfi su gyara shi maimakon su sassabe duka. Ba dashe, ba ban ruwa. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo a kudancin Nijar, matan can kuma suna samun itacen girki daga rassan da aka rage a gonar gida. Mu a nan abin da ke hannunmu shi ne rage abin da muke ƙonawa: a jiƙa wake tun dare, a rufe tukunya, a kare murhu daga iska, in an sauke a kashe ragowar gawayin a adana maimakon a bar shi ya cinye kansa.

Lokacin da manoma ke neman taki shi ne daga tsakiyar rani zuwa faɗuwar ruwan farko, don haka wadda za ta fara kada ta jira bazara ta yi nisa. Yau da daddare in an kai wa maigida tuwo, a tambaye shi wa ya sani a karkara da zai so buhun taki mai tsabta, kuma me zai bayar. A nan zan dakata, sai mako mai zuwa idan mai duka ya kai mu.